Kowa Na Ci a Sukukutane

Masu hassada ba sa ƙarewa a duniya. Kwanan baya a tashar Dogon Dutsi, ina jiran mota ta cika, na ji waɗansu na baza zance wai masu aiki a Sukukutane ba sa samun abin kai wa baka yadda ya kamata. Subhanallahi! Ni da na yi shekaru a garin ina cin ƙurar alli ba zan bar wannan ƙazafi ya kwana ba. Daga Matankari har Tibiri, duk faɗin Arewa, ban san garin da ake ci kamar Sukukutane ba. Samari na cin rani, malamin lakwal na cin bashi, ɗan kasuwa na cin riba, manya kuwa, Allah ya ƙara musu girma, su aka bar wa ci gaba. Wanda rabonsa bai faɗo ta wajen ci ba, ba a barinsa haka nan, sai a ba shi abin sha: ya sha rana, ya sha ƙura, ya sha wuya, har sai ya ce ya isa. To ina yunwar take?

Ba ni na fara wannan shaida ba. A watan Agustan 2005, sa'ad da ƴan jaridun duniya suka cika ƙasar nan suna ɗaukar hoton yara masu tamowa, shugaban ƙasa na lokacin, Tandja Mamadou, ya gaya wa BBC cewa babu wata yunwa a Nijar, kowa ya dubi jama'a zai ga alamar ƙoshi. Magana ce ta wanda ya hango daga sama, inda ake ganin ƙasa gaba ɗayanta. Mu da muke ƙasa ba ma ganin komai sai gindin tukunya, shi ya sa muke yawan kuskure. A farkon shekarar ta 2005 ma an ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan madara da sukari da garin alkama, don kada ƙoshin ya yi yawa ya zama cuta, har mutanen Yamai, waɗanda ba su san gata ba, suka fito kan titi a watan Maris suna ƙorafi.

Mu fara da Mushe, malamin kwantaragi, sarkin masu tsimi, gwanin ɗaure ciki da bel, mai koyar da lissafin raba wa da aljihu wayam. Tun ƙarshen shekarun 1990 ƙasar nan ta gano wata hikima da ta gagari magabata, cewa ana iya samun cikakken malami da araha in dai an sauya masa suna. Aka fara kiransu ƴan sa-kai, aka koma ƴan kwantaragi, kuma su ne suka cika azuzuwan karkara. Abin da ake ba su ma an girmama shi da sunansa na kansa, pekil. Ita pekil ƴar babban gida ce, ba ta da rawar ƙafa irin ta marasa tarbiyya. Takan zo sa'ad da ta ga dama, kamar ruwan shuka, a yi ta kallon gabas ana cewa ga ta nan tafe.

Ƙarfe bakwai na safe za ka same shi a teburin mai shayi. Dogon benci ne da tebur mai shimfiɗar leda, gwangwanayen madara an jera su kamar sojan fareti, buta na tsuwa a kan gawayi.

"Mushe, an tashi lahiya? Mi za a zuba?"

"Kamar kullum."

Kamar kullum ɗin nan sarauta ce. Rabin ƙullin Nescafé, ruwan zafi har baki, sukari cokali uku, sa'an nan a ɗaga gwangwanin madara a nuna wa kofin daga nesa don su gaisa. Burodin na jiya ne, wanda ya kwana ya yi hankali, ba irin sabon nan mai laushi da ke narkewa tun bai isa ciki ba. A tsaga shi a shafa masa mayonez da gefen wuƙa, shafar da ko taimama ta fi ta kauri. Mushe ya tsoma, ya tauna a natse, ya ɗaga kofin ya kaɗa don kada sukarin gindi ya yi asara. Da ya miƙe, ba ya wulaƙanta kansa da laluben aljihu a gaban jama'a. Ido kawai zai haɗa da mai shayi, shi kuma ya jawo kaye daga ƙarƙashin tire ya ja layi ɗaya a shafin Mushe.

Wannan kaye, jama'a, a tsaya a yi masa gaisuwa. Bangonsa ya sha mai har ya yi sheƙi, kowane malami da shafinsa, majon likita ma yana da nasa can wajen ƙarshe. Mai shi bai taɓa zama a aji ba, amma albarkacin cuɗanya da malamai ya iya tarawa da ɗebewa fiye da ɗaliban da suke koyarwa. A duk jihar Doso babu baitulmalin da ya kai kayen nan cika alkawari, domin shi ba ya cewa a dawo gobe, ba ya cewa takarda na Yamai. Da ana shawara da ni, da mai shayi aka rataya wa lambar girma ta ilimi, tunda shi ke ɗauke da makarantar gwamnati daga 10 ga wata har ranar da Allah ya nufa.

Da rana Mushe ba ya wahalar da murhu. Garin rogo a kwano, ruwa, ƙuli-ƙuli, ɗigon mai, yaji, da yankan albasa, wadda ita kam ko maƙiyi ba zai ce babu ita a garin ba. Garin rogo waliyyi ne a cikin abinci, ya san mutuncin talaka: ka zuba kaɗan ya kumbura ya cika kwano, ya shiga ciki ya sake kumbura, ka koma aji kana gyatsa kamar wanda ya fito daga gidan suna. Sai dai shi ma baƙo ne, daga Najeriya da Benin yake shigowa. Da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi a ƙarshen Yulin 2023 aka rufe iyakoki, shi da shinkafa suka haye sama suka bar na ƙasa da kallo, har zuwa Fabrairun 2024 da aka ce an ɗage. Tsofaffi ba su yi mamaki ba. Sun ce sun san irin wannan kulawa ta maƙwabta tun 1984, shekarar da fari ya haɗu da rufe iyakar da Janar Buhari na Najeriya ya yi, har aka raɗa wa yunwar suna El-Buhari. Samun maƙwabcin da zai taya ka rage tumbi sau biyu cikin shekara 40 ba ƙaramin arziki ba ne.

Da la'asar sai ƴar buta. Ma'aikatan garin kaf, in ka tara su ba su cika tabarma biyu ba, sukan zauna fada a gindin bedi, a dafa shayi zubi uku. Na farin ɗaci gare shi kamar maɗaci, kuma aikinsa a bayyane yake: yana aika wa ciki saƙo cewa an yi maganarsa a sama, ya ƙara haƙuri. Majo, wanda ya wuni yana gargaɗin masu hawan jini da ciwon sukari su rage zaƙi, shi ke auna sukarin da ɗan kofi, cike ba ragi.

Sai mu gangara garka, wajen masu farar albasar nan da ta kai sunan Sukukutane har cikin littattafan masu binciken iri, wadda ake shanyawa a yi gabu, miya ta yi ƙamshi a gidajen da ba su san inda garin yake ba. Mai garka yakan tashi cikin sanyin hunturu tun kafin kiran assalatu, ya yi ta ban ruwa har hantsi, ƙafa cikin taɓo, hannu duk faso. Da azahar ƴarsa ta kawo masa fura. Allah ya sa wa furar rani albarka. Dunƙule guda ne, amma da taimakon rijiya yakan ishe mutum biyar, nono kuwa ya bi shanu kiwo nesa, sai damina in Allah ya kai mu. Ta yi garau har mutum ya leƙa ƙwarya ya ga fuskarsa ya gyara hula. A birni, an ce, masu kuɗi har biya suke yi a koya musu cin abin da ba ya sa ƙiba. Ga shi nan kyauta, da ludayi.

Kuma an sauƙaƙe wa manomin nan wahalar ajiya. Tun lokacin dashe ya karɓi kuɗin iri da na man inji a hannun Alhaji, don haka ranar da aka cire albasa, ranar da kowa ya cire tasa kasuwa ta cika farashi ya faɗi warwas, ranar ce Alhaji kan tuna da shi. Ya auna, ya ɗebe nasa, ya loda. In damina ta kama, buhun nan ya ninka kuɗinsa a hannun wanda ya iya riƙo, albasar Nijar ta kama hanyar Ankara da Abijan tana cin kasuwa. Da an bar wa manomi ita, ko ta ruɓe masa, ko ta sa shi girman kai. Hatsi ma haka ne. Ya sayar da tiya da kaka a kan abin da ya samu, ya sake sayenta cikin marka da ninkin kuɗi, kuma bai kamata ya ji zafi ba, domin hatsin ya je birni ya yi ilimi, dole ya dawo da daraja.

Matan gari ba zan sa su cikin masu aiki ba, don takardun furoje ma in an zo gurbin sana'a sai a rubuta matar gida. Abin da take yi bai wuce sussuka da surfe da daka da jan ruwa da neman itace da tuƙa tuwo da goyo ba. In ta sauke, akushin maigida ne farko, sai na baƙo, sai na yara, ita kuma a bar mata ƙanzo, wanda duk namijin da bai taɓa cinsa ba zai rantse maka shi ne mafi daɗi a tukunya.

Amma duk waɗannan ƙananan maciya ne, masu koyo. In ana son ganin ci na gaske, ci mai aji, ci mai takardar izini da hatimi, sai ranar da misiyo ta sauka.

Kwana uku kafin ranar saƙo ya iso cewa wani furoje zai zo ya yi bita a kan abinci mai gina jiki. Baƙonka Annabinka. Maigari ya aika gida-gida, wannan ya kawo kaza, wancan zabuwa, mai ƙwai ta kawo ƙwai, aka ɗauko shinkafa da mai bashi a kanti. Gidajen da ba sa yanka kaza sai haihuwa ko salla, ran nan Allah ya ba su ikon yin sadaka ga wanda ya fi su. Aka ce mata masu goyo su hallara ƙarfe takwas, suka hallara. Ƙarfe goma saura muka hango ƙura, kat-kat biyu farare ƙal, gilashi a rufe don kada iskarmu ta ɓata ta ciki.

Sai ga babban baƙo ya sauko. Toron giwa mai tafiya da kula, dodon zabi, fargabar kaji, hadarin da ke sauka a kan akushi, mai rantsattsen alƙalami, ɗan gatan perdiyem, wanda tumbinsa ke riga shi yin sallama! Ɗan ƙasar nan ne, ba nisa da nan aka binne cibiyarsa, furar gero ce ta raine shi. Amma ilimi ya yi masa yawa har Hausa ta daina ɗaukar nauyin tunaninsa, sai Faransanci, don haka aka kira ni in yi tafinta tsakaninsa da ƙannen uwarsa. Ban taɓa samun ɗaukaka irin ta ran nan ba. Direba ya biyo shi da katan ɗin ruwan gora. Ruwan rijiyarmu, wanda ya shayar da kakanninsa har suka tsufa, bai taɓa ko ɗigo ba. Ya bar mana abinmu duka, don karamci.

Aka manna babbar takarda a jikin allo, mai sheƙi, da hotuna kala-kala: abinci mai gina jiki, abinci mai ba da ƙarfi, abinci mai kare jiki. Ga kifi ya baje ƙaya, ga cinyar kaza, ga ƙwai, ga ayaba da lemo. Ya bayyana, na fassara, cewa abin da ke kawo tamowa shi ne jahilci, iyaye mata ba su san ya kamata a haɗa wa yaro kala ukun nan kullum ba. Mata suka sunkuyar da kai, da alama kunyar jahilcinsu ce ta kama su. Shekara da shekaru suna wuce kifi da ayaba ba su sani ba.

Bayan rabin awa na wannan aiki mai cin rai, aka tafi poz-kafe. A nan na ga tsari. Mahalarta, wato mu da sunayenmu ke kan takarda, muka shiga aji aka miƙa mana burodi da sardin da lemon kwalba mai sanyi. Masu amfana kuwa, wato matan da aka yi taron dominsu, aka bar su a kan tabarmi a waje, inda ta taga suka samu damar ganin abinci kala uku ido da ido ana cinsa, darasin da ya fi hoto shiga kai. Wani yaro a bayan uwarsa ya ƙura wa kwalbata ido har na shanye. Ban taɓa samun ɗalibi mai mai da hankali kamarsa ba.

Da aka dawo, wani dattijo mai garka ya ɗaga hannu. "Ranka shi daɗe, kihin ga na takarda, wace kasuwa aka samu nai?" Na juya tambayar zuwa Faransanci. Mai girma ya gyaɗa kai, ya ce tambaya ce mai matuƙar muhimmanci, za a sa ta cikin rahoto. Na mayar wa dattijon. Ya ce madalla, ya zauna. Ina da yaƙinin tana nan cikin rahoton har yau, an adana ta da kyau.

Azahar ta yi aka wuce zauren maigari. Na ga masu cin zabuwa a rayuwata, ban ga kamarsa ba. Ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, ya cire agogo ya aje a gefe kamar likita zai shiga tiyata. Cinya ya fara kamawa, ya murɗe ta da yatsa uku, ya zare naman da jan haƙori guda, ya fasa ƙashin ya tsotse ɓargo, ya jera shi a bakin tire fes, ko kare ya gani ya san an gama magana. Gumi na tsattsafo masa, direba na miƙo ruwan gora. Sai ga wata karama da idona ya gani: a gaban akushi Hausarsa ta dawo tsaf, har da karin harshen Arewa. "Ku ƙaro romo," in ji shi, ba tare da tafinta ba. Maigari ya tsuguna yana ba da haƙurin ƙarancin abin, shi kuma, da yake mai yafiya ne, ya yafe.

A 1899 ayarin Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar nan yana kwasar hatsi da dabbobi da bakin bindiga, yana cinna wa garuruwa wuta, har Sarauniya ta tare shi a Lugu cikin watan Afrilu. Dubi nisan da aka yi daga can. Baƙon yau ba ya ƙona rumbu, ba ya ɗaga murya, ba ya ma roƙo. Mu muke kai masa da hannu biyu, mu yi masa rakiya har bakin mota. Shugaba Issoufou Mahamadou, bayan hawansa mulki a 2011, ya kawo shirin nan mai taken ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar. Baƙinmu na ran nan daga wani gida daban suke, amma duk mai son ganin taken ya tabbata a aikace, da ya leƙo zauren nan. Ƴan Nijar masu faso a ƙafa sun ciyar da ƴan Nijar masu takalmi sau-ciki har sun kasa tashi.

Kafin la'asar aka kawo takardar sa hannu. Gurbin kuɗi an bar shi fari tas, don kada lissafi ya ɗauke mana hankali daga abin da muka koya, za a cike shi a ofis cikin natsuwa. Na sa hannu, aka damƙa mini jika biyu. Aka buɗe bayan kat-kat aka loda tsaraba: albasa buhu biyu, gabu cikin leda, da zabi uku da suka tsira daga wuƙa, an ɗaure musu ƙafa za su ga birni. Mai girma ya leƙo ta gilashi ya ja hankalin jama'a, ta bakina, da su riƙa aiki da abin da suka ji. Ƙura ta tashi. Yara suka yi wawar gorunan da aka shanye, waɗanda har yau ake zuba man gyaɗa da kananzir a cikinsu, amfanin furoje mai ɗorewa.

Washegari na kai wa mai shayi jika biyun. Ya jawo kaye, ya lasa yatsa, ya buɗe shafina, ya soke layukan sati biyu na watan shekaranjiya, ya ce, "Allah shi ƙaro misiyo, Mushe." Na ce amin. Takardar hotunan kuwa, da yake an manta da ita a jikin allo, shi ya roƙe ta ya manna a zanan da ke bayan teburinsa don tare iska. Tana nan, rana ta ɗan kashe mata launi, amma kifin bai rage ƙiba ba. Kowace safiya nakan zauna daidai saitinsa in tsoma burodina, kuma har yau mai shayi bai taɓa ja mini layi a kan kallon ba.